Sai Ranar da Bakin Mahadi Ya Buɗe

Asabar, ƙarshen Agusta, bayan la'asar

Sun tafi. Manu direba ya zo da hantsi, Inna ta shiga gaba, aka ɗora mata yarinyar a cinya. Ban raka su ƙofa ba. Ina kan keke ina ta ɗinki kamar wadda ake jira, sai da na ji motar ta sha kwana na duba na ga na haɗe wuyan rigar da hannunta. Yanzu na gama farkewa.

A baki ba na kiran sunanta, ɗiyar fari ce. Ko ubanta Baban Mahadi nake ce masa, na tsallake ta na kama ƙanenta. Amma takarda ba ta da ido. Nafisa. Shekararta huɗu da 'yan watanni.

Abin ya taso ne daga sunan da aka yi a Bungudu, gidan yayata, Yaya Wasila. Mata cike da tsakar gida, aka raba kalandar suna, sai yarinyar nan ta ɗauki ɗaya ta hau karantawa da ƙarfi, tun daga sunan jaririya har adireshin wanda ya buga. Ba wanda ya koya mata, wallahi. Ubanta mai gyaran waya ne, a wayoyinsa da allunan bakin titi ta tsince shi. Wata ta miƙo mata kwalin maganin sauro don gwaji, ta karance shi tas. Aka hau salati, wata tana cewa wannan ai tsohuwa ce ta dawo. A cikinsu duk ba wadda ta ce tubarkalla. Shi kuwa Mahadi, da ya kusa shekara uku bai taɓa cewa ko Umma ba, yana gindina yana tauna bakin zanena. Wata ta tambaye shi sunansa, yayar ta amsa masa: "Mahadi ne, kuma ba ya son a taɓa masa kai."

Inna, uwar mijina, ta zo sunan daga Tsafe. Sai da muka dawo Gusau ta zaunar da mu.

"Wagga ɗiya ta danne ƙanenta," in ji ta. "Shi buɗe baki shi ce mi, ita ta riga ta hwaɗi? Kuma kun sake ta tana zuba gaban mutane, ba ku tsoron baki? Ɗiyar hwari dai tawa ta. Ku ba ni abata. Ranar da bakin yaro yab buɗe, ku zo ku ɗauka."

Baban Mahadi ya sunkuyar da kai. Ni na ce, "To Inna." Me zan ce? Uwa ta buɗe baki gaban surukarta ta ce tana son ɗiyarta ta fari? Gobe a ji a gari Bara'atu ta zubar da kunya a kwata. Ni da hannuna na ninke mata kaya.

Lahadi, da hantsi

Zan faɗi gaskiya tunda ba mai ji. Yau na sha kokona har ƙasan kofi ba wanda ya tambaye ni ina duhu yake tafiya in an kunna fitila. Ba wanda ya tambaye ni ko akuya ta san sunanta akuya, ko in an yanka zakara ina cararsa take zuwa. Yarinyar nan tun ba ta cika shekara ba ta fara magana, kuma tun daga ranar ba ta sauke ba. Na ji daɗin shirun, Allah ya gani. Sai wajen azahar daɗin ya fara ɗaci.

Talata, bayan magariba

Alhamdu lillahi, mun ji muryarta. Baban Mahadi ya kira Inna, aka ba ta wayar, ta hau ba shi rahoto: akwai kwaɗo a bakin rijiyar Inna, akwai akuya mai yagaggen kunne, rediyon Inna sai an mare shi yake magana. Can ta ce a ba Umma. Suwaiba maƙwabciyata tana zaune ta kawo ɗinki, don haka na karɓa ina yatsina fuska kamar an sa ni dole.

"Umma, Mahadi ya ci abinci?"

Na ce ya ci. Bai ci ba.

"Umma, kar ki kira shi ta baya, ba ya so. Ki zagayo ta gaba, ki kama masa nan, sai ki..."

Sai muryar Inna: "Ji min ja'ira! Uwar taki za ki koya ma reno?" Muka kwashe da dariya, har da ni. Na fi kowa ma dariya.

Alhamis, da azahar

Yaron nan zai kashe ni. Tun safe yake jan zanena yana nuna wani wuri da ban gane ba. Na ba shi ruwa ya watsar, na ba shi kunu ya ture, ya kwanta a ƙofar ɗaki yana buga ƙeya da ƙasa. Da tana nan da tuni ta ce, "Jan cokalinsa yake so," a ba shi a wuce wurin. Ashe duk tsawon lokacin nan tafinta gare ni ban sani ba.

Ɗazu na hango shi zai taka garwashi, na ƙwala masa kira daga madafi har maƙogwarona ya yi zafi, ko gezau. Na zo na fizge shi na ɗaɗa masa duka a cinya. Taurin kai, na ce, gadon gidansu. Ya dube ni kamar bai san daga ina na faɗo ba. Har yanzu kallon yana damuna.

Asabar, da safe

An ɗauke sabis. Duk jihar, in ji rediyo, saboda abin da kowa ya sani. Ba a faɗi ranar maidowa ba. Na yi ta ɗaga wayar sama a tsakar gida kamar wata mahaukaciya, har na hau turmi.

Litinin, da yamma

Baban Mahadi ya je shago ya dawo kafin azahar. Wa zai kawo gyaran waya alhali wayar ta zama marfin tukunya? Yanzu yana gida yana bi na da ido, yana gyara abin da bai lalace ba. An ce masu hali har Funtuwa suke zuwa don su yi kira. Ni ko na je Funtuwa wa zan kira, wadda nake nema tana inda babu.

Mahadi ya ci tuwo loma uku. Na gode Allah.

Laraba, bayan azahar

Yaya Wasila ta diro daga Bungudu ba sallama ba sanarwa, to da me za ta sanar? Ta zo da Baba Labbo, wanzamin gidanmu, wanda ya yi mana hujin kunne mu duka. Ta ce ta kwana tana tunani, linzami ne ya ɗaure wa yaron harshe, a tsinke shi yau gobe ya tashi yana zance.

Oh ni Bara'atu! Zuciyata ta rabu biyu. Rabi tana cewa Allah ya sa shi ne, a yanka ya yi magana a maido mini ɗiyata. Rabi tana kallon askar da ya zaro daga zabira yana gogawa a fata. Ni na riƙe ƙafafu, ubansa ya riƙe kai yana kallon bango. Baba Labbo ya sa yatsa ya ɗaga harshen, Mahadi ya gantsara masa cizo. Tsohon ya yarfe hannu, ya sake dubawa, ya daɗe yana dubawa.

"Wanga harshe lahiya lau shike," ya ce. "In na sa aska nan na ɗau alhaki. Haƙoran ma lahiya lau."

Ya mai da askarsa. Ban san lokacin da na zauna daɓas a ƙasa ba. Na rungume yaron ina dariya ina share ido. Yaya Wasila ta ji haushi ta sha hanya a banza, sai ta huce a kaina: wai ni na ja, ni na bar ɗiya tana karatu gaban mutane kamar mai tallar magani. Na ce Yaya, in ɗaure mata ido? Na kwaɓa musu ɗanwake, ta ci kwano biyu tana mita.

Juma'a, da la'asar

An ce wani abu ya faru ta wajen Tsafe. Ban tambaya ba. Na wanke kayan da ba su yi datti ba.

Asabar, da hantsi

Allah na gode maka. Allah na gode maka. Manu ya yi sallama ɗazu, kafin ya gama gaisuwa na ce, "Lafiya suke?" Ya ce lafiya ƙalau, abin can cikin daji ne, bai taɓa gari ba. Jiya da idonsa ya ga Inna tana shanyar gyaɗa. Ta aiko mana da masara ɗanya da kuka. Na ba shi ruwa, garin sauri har na zuba masa a ƙafa.

Ban tambayi yarinyar ba, ubanta ya tambaya. Manu ya ce Inna ta ce a gaya mana ta yi hankali ƙwarai, ta natsu. Na ji daɗi. Na gasa masara na ci biyu, rabon da in ci abu da marmari tun ranar da suka tafi.

Ta natsu. Sai juya kalmar nake yi.

Talata, bayan la'asar

Bari in rubuta.

Baban Mahadi yana tsakar gida yana canza wa wata tsohuwar waya sifika don rage zaman banza. Al'adarsa in ya gama sai ya ƙure ƙarar ya kunna, ya miƙa hannu nesa yana saurare ko tana gargada. Ya kunna. Ƙarar ta tarwatsa kaji, ni ma daga ɗaka na yi tsalle na ce haba Malam, sai ka fasa mana kunne? Na leƙo. Mahadi yana zaune ya ba shi baya, taku kaɗan tsakaninsu, yana jera marafan kwalba. Bai waiwayo ba.

Ubansa ya dube ni, ya ɗora yatsa a baki. Ya lallaɓa ya matso da wayar bayan kan yaron. Shiru. Ya kai ta gefen hagu. Shiru. Sai da ta kusa taɓa kunnen dama sannan ya ɗan karkata kai, kamar wanda ƙuda ya gifta masa. Da ubansa ya zagayo ta gaba, yaron ya ga hasken wayar, ya washe baki ya kai hannu.

Kar ki kira shi ta baya.

Na zauna a kan turmi. Ta gaya mini. Da bakinta ta gaya mini, na yi dariya. Sai ga shi duk yana dawo mini: yadda take zagayowa ta tsuguna gabansa, ta kama masa haɓa, ta kawo fuskarta dab da tasa tana buɗe baki sosai. Sau nawa na doke mata hannu na ce ta daina ja wa yaro fuska? Da garwashin ran nan, da dukan da na yi masa. Ba taurin kai ba ne. Bai ji ni ba.

Baban Mahadi ya ɗauke shi ya saɓa a kafaɗa yana ta zagaya tsakar gida. Jibi ne ranar likitan kunne a asibiti, Suwaiba ta gaya mini.

Laraba, da azahar

Akwai kalmar da ba zan rubuta ba.

Alhamis, bayan la'asar

Ba kurma ba ne! Ga ta nan na rubuta, tunda ba tamu ba ce. Ba kurma ba ne.

Mun yi sammako, mun sha layi. Likitar mace ce, 'yar siririya mai tabarau. Ta haska kunnen da wata 'yar fitila, ta sa masa wani abu mai ƙara, ta tambaye ni ko yana yawan mura da ciwon kunne. Na ce tun yana goye, har mun saba, man zaitun nake ɗiga masa. Ta ce to ruwa ne ya taru a bayan dodon kunnen, duka biyun, na hagu ya fi. Yana ji, amma kamar wanda ya tsoma kai a cikin randa ana masa magana daga waje. Ta rubuta magani, ta ce mu dawo, in ruwan bai janye ba akwai ɗan aikin da ake yi, ba babba ba. Na ji kamar an sauke mini buhun gero daga ka.

Na ce, likita, yaushe zai yi magana? Ta ce zai yi in sha Allahu, amma kar in sa rana, abin watanni ne, kowane yaro da tafiyarsa. Ta ce babban abin da yake bukata shi ne a riƙa yi masa magana fuska da fuska, da yawa, kullum. Sai ta ce, "Ba ku da wani mai surutu a gidan?"

Baban Mahadi ya ɗaga kai yana ƙirga silin. Ni kuwa dariya ta ƙwace mini, na yi ta yi har hawaye, har nas ta leƙo. Na ce, "Muna da ita, likita. Mun kai ta Tsafe don ya samu ya yi magana."

Ta cire tabarau ta ce, "Ikon Allah."

Tunda baki ya buɗe, na tambaye ta abin da na daɗe ina ɓoyewa: yarinya ta yi karatu ba a koya mata ba, ciwo ne? Ta ce ba ciwo ba ne, akan samu irinsu. Kar mu ɓoye ta, kar kuma mu mai da ita abin kallo. Ta ce kar in manta, duk karatun nan 'yar shekara huɗu ce, a bar ta ta yi wasan ƙasa. Wannan ma wani buhun ne ya sauka.

Juma'a, bayan magariba

Mun yi sa'insa, abin da ba mu saba ba.

Na ce sai a je a ɗauko ta. Ya ce in bari a maido sabis ya kira Inna ya lallaɓa ta. Na ce yaushe? Ya ce Allah masani. Na ce Inna ta ce sai bakin yaro ya buɗe, likita ta ce watanni, mai buɗe bakin kuma tana Tsafe, to wa zai fara? Ya ce ga hanya yadda take, ga mai ya yi wuya. Na ce Manu a sama yake bi?

"Bara'atu, kin san Inna. In ta yanke magana ta yanke. Uwata ce fa."

Na ce, "Ni ma uwa ce."

Ya tsaya yana kallona kamar yau aka kawo ni gidan. Ni kaina na ji nauyin maganar, na shige madafi na hau kankare tukunya. Amma ban janye ba.

Litinin, da hantsi

Na aika aka kira mini Manu daga tasha. Na ajiye kunya na tambaye shi kai tsaye, natsuwar nan wace iri ce? Ya yi ta sosa ƙeya. Ya ce gaskiya shi ma abin ya tsaya masa. Ranar da ya kai su, tun daga Gusau take karanta masa rubutun bayan motoci har ya gaji. Shekaranjiya da ya kai wa Inna saƙo ya nuna mata rubutun jikin motarsa ya ce karanta mini, sai ta girgiza kai. Ya ce maƙwabta ma sun ce ba sa jin muryarta.

Na ce ya riƙe mini wuri gobe.

Laraba, da hantsi

Jiya ban iya riƙe biro ba. Yau zan rubuta duka.

Na fito da mayafina na tarar Baban Mahadi a bakin ƙofa ya saɓa yaron, ya sa hularsa ta Juma'a. Muka nufi tasha tare. Motoci a jere suke tafiya, ba mai son ya zama na gaba ko na baya. Shinge bayan shinge. A cikin motar ba mai magana sai wata tsohuwa da ke jan carbi. Mun wuce dutsen Kwatarkwashi, gero ya nuna a gonaki, wasu ba mai yanka. Sauran abin da na gani a gefen hanya na bar shi can.

Mun tarar da Inna a tsakar gida da maƙwabtanta suna ɓarar gyaɗa. Yarinyar kuma tana gefe a kan tabarma, an yi mata sabon kitso, ga laya a wuya. Ta yi ƙiba ma, Inna ba ta wasa da ciki. Da ta gan mu ta miƙe tsaye, amma ba ta rugo ba. Mahadi ne ya zame daga hannun ubansa ya sheƙa ya cusa kai a cikinta. Ta kama masa haɓa yadda ta saba, ta buɗe baki, sai ta mai da shi ta rufe.

Na durƙusa muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, har awaki sai da aka tambaya. Inna ta ce, "Ya yi magana?" Baban Mahadi ya ce a'a. "To mi ya kawo ku cikin wanga hali?" Ya fara kewaye-kewaye, wai dama mun je asibiti, wai dama likita ta ce, wai dama. Na ga in na biye masa sai la'asar ta yi muna dama.

Na ce, "Nafisa. Zo."

Wata daga cikin matan ta saki gyaɗar hannunta ta ce la'ilaha. Yarinyar ma sai da ta waiga ta ga ko wata ake kira. Ta tako a hankali, na jawo ta na ɗora a cinya, gaban Inna, gaban kowa. Ta kawo bakinta kunnena, muryar ta dishe kamar ta mai mura.

"Umma, na yi shiru. Inna ta ce in na yi shiru zai yi magana, in ya yi magana zan koma gida. Ko ni kaɗai ce ba na yi. Ya yi?"

Ban san yadda aka yi ban fashe a wurin ba. Na ce, "Bai yi ba. Kuma ba ke kika hana shi ba. Kunnensa ke ciwo, ke ce ma kika fara ganewa." Sannan na sunkuyar da kai na ce, "Inna, na zo ɗaukar ɗiyata. Ina son abata. In an ce ba ni da kunya, na yarda."

Inna ta daɗe tana kallon yarinyar. Can ta ce, ƙasa-ƙasa, "Ni gaban mutane nic ce ta yi shiru. Ban ce har cikin ɗaka ba." Ta karkaɗe zanenta ta miƙe, ta ce in biyo ta.

Na shiga ina jiran faɗa. Ta zauna a bakin gado ta ce ko mijina ya taɓa gaya mini yana da wa? Na ce a'a. Ta ce bai san shi ba, kafin a haife shi ne. Rabi'u. Ɗanta na fari. Duk abin da ya ji sau ɗaya ya riƙe, har mutane ke taruwa a zaure a sa shi yana maimaita waƙoƙin rediyo suna dariya. Yana shekara biyar zazzaɓi ya ɗauke shi.

"Anka ce baki na," in ji ta. "Ko baki na ko ba baki na ba, Allah shi ya sani. Amma har anka hita da shi ban taɓa kiran sunanai ba. Ban taɓa ɗora shi ga cinya gaban mutane ba. Kunya. Ga ta nan na riƙe, ban ga abin da tat tsinana min ba."

Ba ta yi kuka ba. Ni na yi mata.

Ta jawo jakar kayan yarinyar daga ƙarƙashin gado ta tura mini da ƙafa. "Ɗauki abarki. Amma layar nan ta zauna ga wuyanta. Kuma duk wanda yay yaba ta bai ce tubarkalla ba, ki tsai da shi sai ya ce." Na ce, "To Inna." Wannan karon har zuciyata. Mun roƙe ta ta biyo mu Gusau kafin abubuwa su lafa, ta ce wa za ta bar wa gyaɗarta da awakinta, mu?

A mota yarinyar ba ta ce komai ba, tana riƙe da hannun ƙanenta. Na fara tsorata. Sai da muka shigo gari muka tsaya a bayan wata tirela, na ji wata 'yar murya tana haɗa baƙi a hankali: "Ha-ƙu-ri... ma-ga-nin..." Manu ya daki sitiyari ya ce tubarkalla! Tsohuwar mai carbi ma ta ce. Ni ma na ce, da ƙarfi.

Juma'a, bayan la'asar

Har yanzu ba sabis. Ban ma duba ba yau.

Lahadi, da hantsi

Mahadi bai ce komai ba tukuna. Yana shan maganinsa, yana cin tuwo kamar an biya shi. Jiya murfin tukunya ya faɗi ya waiwayo, ko kuwa ni ce nake so ya waiwayo, oho. Ba na gaggawa.

Na gaya mata abin da likita ta ce, a riƙa yi masa magana. Tun safe suna ƙarƙashin darbejiya, ta riƙe masa haɓa tana ba shi labarin akuya mai yagaggen kunne, daga farko har ƙarshe, ta sake komawa farko. Ɗazu ta zo ta tsaya a gefen kekena, ta daɗe tana wasa da zare.

"Umma, in na gaji fa?"

Na tsai da keken. Na ce in kin gaji ki je ki yi wasanki. Ba aikinki ba ne, aikina ne. Ni zan karɓe ki.

Ta dube ni sama da ƙasa, irin kallon Inna sak.

"Kin iya?"

Na ce ban iya ba, sai ta koya mini. Ta kama mini haɓa da 'yan yatsunta masu ƙasa, ta juyo da fuskata sosai wajenta, ta ce, "To, ki fara kallona tukuna."